Sarkin Ƙafa na Penlan

Tegwared ɗan Ririd ya riƙe ƙafafun Sarki Kadifor na Penlan a gaban fadawa, ya ƙi saki. A shekarar 1094 aka yi haka, shekarar da mutanen Wales suka tashi wa Normawa.

Normawa baƙi ne. Daga Faransa suka tsallako, suka ci Ingila, ba su ƙoshi ba, suka hauro Wales. Duk inda suka sauka sai su tara ƙasa ta yi tudu, su kafa kagarar katako a bisa, su zauna ciki suna cin shanun mutane. Akwai ɗaya a ƙetaren kogin Penlan, daidai inda kogin ke faɗawa teku. Shekara uku Kadifor na ganinta daga ƙofar gidansa. Bai yi komai ba, sai ƙiba da ya ƙara.

Tegwared shi ne Sarkin Ƙafa. Sarauta ce ta gaske, tana cikin dokar ƙasar. In Sarki ya zauna a zaure, Sarkin Ƙafa ya zauna ƙasa, ya ɗora ƙafafun Sarki bisa cinyarsa, ya yi tausa, ya yi susa, har a tashi. Akushi ɗaya suke ci da Sarki. Shekara talatin da ɗaya Tegwared na wannan aiki, ubansa ma shi ya yi har ya mutu. Sarautar na da haƙƙi guda: duk mai laifin da ya kama ɗamarar Sarkin Ƙafa ya nemi mafaka, ba mai taɓa shi muddin ƙafar Sarki na kan cinya. Ba wanda ya taɓa nema. Mai neman tsira coci yake gudu. Wa zai ɓuya bayan mutumin da mafakarsa ke ƙarewa da zarar Sarki ya ɗaga ƙafa? Abin na cin Tegwared a rai. Bai taɓa gaya wa kowa ba.

Ran wata Laraba da safe aka zauna shawarar yaƙi. Kwana na tara ke nan ana zama. Mayaƙa ɗari uku na jira a fili, sun cinye rabin tumakin garin. Sai ga manzo daga sarakunan dutse, wato sarakunan Wales na yankin tsaunuka, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Allah ya ba ka nasara, Zakin Penlan. Sarakunan dutse na gaishe ka. Sun ce a gaya maka kagarun arewa sun zama toka, na gabas na cin wuta yanzu haka. Saura wadda ke ƙofarka. Sun ce in duba in gani, Kadifor na da rai, ko a aiko masu ta'aziyya?"

Sarki ya ajiye cinyar ragon da ke hannunsa. Tegwared ya ji ƙafafun sun yi tauri bisa cinyarsa. Ya san ma'anar wannan tun kafin baki ya buɗe.

Limamin coci ya miƙe ya ce da asuba hankaka ya faɗo matacce daga rufin coci, kuma wannan alamar mutuwar Normawa ce, ba shakka. Alƙali ya ce ya san hankakan, tsoho ne, ya daɗe yana tari.

Madaki Ainon, shugaban mayaƙa, ɗan 'yar'uwar Sarki ne. Ya ce, "Kawu, a bar zancen tsuntsu. Teku na janyewa da hantsi, mashigi ya buɗe. Rana na kaiwa tsaka ruwa ya komo. In yau ne, to yanzu ne."

"Yau ne," in ji Sarki.

Bai rufe baki ba dogarai suka shigo da wani mutum, laka har gwiwa, ƙeyarsa a aske irin askin Normawa. Seisil ne, ƙanen Sarki uba ɗaya. Shekara uku da suka wuce ya gudu kagara da fatan baƙi su naɗa shi a madadin wansa. Ranar da ya gudu Kadifor ya dafa ƙararrawar waliyyi a coci, ya rantse sai ya ƙwaƙule masa idanu biyu. Haka sarakunan Wales ke yi wa 'yan'uwa, don makaho ba ya sarauta.

"Yaya," in ji Seisil, "kada ku bi mashigi yau. Sun san kuna tafe. An aiko musu sababbin mahaya tamanin daga Ingila, suna kwance tun da ruwa ya fara janyewa cikin ciyawar tsibirin nan na tsakiyar kogi. Kuna kaiwa tsakiya za su auka muku."

"Yaushe ka fara tausayina?"

"Ban fara ba. Jiya na ji suna raba Penlan tsakaninsu. Na saurara har ƙarshe, ban ji sunana ba."

Madaki ya ce, "Ƙarya ce, Kawu. Sun turo shi ya riƙe mu har ruwa ya rufe hanya."

Sarki ya ce, "A sa ƙarfe a wuta."

Seisil ya dubi ƙofa, dogarai na tsaye. Ya dubi Liman, Liman na nazarin rufin zaure. Sai ya kwanta rub da ciki, ya kutsa ƙarƙashin tebur, ya damƙi ɗamarar Tegwared da hannu biyu.

"Baba Tegwared, na shiga mafakarka!"

Tegwared ba ya son yaron nan ko kaɗan. Seisil ne ya fara yaɗa cewa Tegwared bai san fuskar Sarki ba, ta wari yake gane shi. Har yau mata na faɗa a bakin rijiya. Ya dubi askakkiyar ƙeyar, ya ji kamar ya ranƙwashe ta. Amma kalmar da aka faɗa masa yanzu, ubansa ya mutu bai ji ta ba.

Ya ce, "Na karɓe ka."

Zaure ya fashe da dariya. Sarki ya yi ta dariya har da hawaye. Da ya share ido ya ce, "Madalla, Sarkin Ƙafa. Ka ba da mafaka, mun gani. Ga ta nan ta ƙare." Ya ja ƙafa.

Ƙafa ba ta taho ba.

Ya sake ja. Tegwared ya harɗe ƙwaurukan da damatsa biyu, ya sunkuya a kai. Mutumin da ya shekara talatin yana murza ƙafar ƙaton namiji kullum, hannunsa ba na wasa ba ne. Dariya ta tsaya.

"Ka haukace ne, tsoho?"

"Lafiyata ƙalau, ranka ya daɗe. Ni ma ba son sa nake yi ba. Amma na ce na karɓa, zaure duka ya ji. Ka ce idanunsa nasa ne, Alƙali ya shaida, in sake ka."

"Na rantse da ƙararrawa!"

"Ni ban rantse da komai ba. Faɗa kawai na yi."

Sarki ya juya. "Alƙali, me doka ta ce?"

Alƙali ya miƙe a hankali, ya gyara riga. "Allah ya ja zamaninka, doka ta ce mafaka na nan har Sarki ya ɗauke ƙafarsa."

"Ga shi ina ɗaukewa!"

"Kana ƙoƙari, ranka ya daɗe. Doka ba ta ce har Sarki ya yi ƙoƙari ba."

"To a ɓamɓare shi daga jikina."

"Wanda ya taɓa Sarkin Ƙafa alhali jikin Sarki na kansa, Sarki ya taɓa. Hannun dama ake sarewa."

"Ni na ba da izini."

"To, sai a sare da izininka."

Dogarai suka mai da hannuwansu baya. Sarki ya yunƙura ya kai duka da kansa, tumbi ya tsaya tsakani. Ya ɗauki ƙashin rago ya jefa, ya sami Tegwared a goshi. Tegwared bai ɗaga kai ba. Ya lalubo babban yatsan ƙafar Sarki ta hagu, wanda ke kumbura duk lokacin sanyi, ya matsa kaɗan. Sarki ya ƙwalla ƙara. Akwai wani bafade, Sarkin Shiru, aikinsa ya bugi ginshiƙi da sanda in an yi hayaniya. Ya buga. Sai bayan ya buga ya ga wanda ya tsawatar wa, ya ajiye sandar a hankali, ya fita. Ba a sake ganinsa ba ran nan.

Madaki ya matso, ya sassauta murya. "Kawu, rana na tafiya. Kai ka zauna ka huta. Ni in kai su, in komo maka da labari."

Sarki ya dube shi. Bai manta yadda shi kansa ya hau gado ba. Kawunsa ne ya kwanta zazzaɓi ranar wani yaƙi, ya ce Kadifor ya kai su.

"A kawo amalanke," in ji Sarki.

Aka cire ƙyauren zaure, aka shimfiɗa, aka turo su ukun bisa, Sarki a kujerarsa, Tegwared a ƙasa da ƙafafu, Seisil a baya da ɗamara. Maza goma sha biyu suka ɗauka, suka ɗora a amalanke. Sau biyu Seisil ya kusa zamewa, sau biyu Madaki ya ce a ƙara karkatawa. Kafin a nemo shanu a ɗaura, hantsi ya yi nisa.

Haka rundunar Penlan ta fita yaƙi. Mai tuta a gaba, masu baka a baya, Sarki a tsakiya yana tafiyar shanu. Makaɗan fada sun soma waƙar yabo, da suka kai inda ake cewa Sarki ya taka ƙasa ta girgiza, sai suka yi shiru. Mata suka fito bakin hanya suna leƙe.

Sarki ya waiwayi ƙanensa. "Dube ka. Ƙeya kamar tunkiya mai ƙazuwa."

"Kai kuma kai kaɗai ka cika amalanke, Yaya. Ji yadda shanu ke nishi."

"Yi ta kallo. Yau ne na ƙarshe."

"In za ku yi faɗa ku yi," in ji Tegwared. "Kai, kada ka saki ɗamara. Kai kuma, ranka ya daɗe, bar shure-shure, shanu na tsorata."

Bayansa na ciwo, yatsunsa sun soma mutuwa. Goshi ya kumbura. Ga mamaki, ya tarar babban yatsansa na yi wa Sarki tausa a dunduniya, don hannu ya saba. Wata tsohuwa da ke tsaye da tulu ta tambayi wani mayaƙi wane ne wancan da ya kama Sarki. Aka gaya mata. Ta ce, "Ashe da gaske sarauta ce." Tegwared ya ji. Ya miƙe wuya.

Sun isa bakin kogi rana ta gota tsaka. Ruwa ya riga ya juyo. Yana malalowa bisa yashi, ba gaggawa, yana cika kwari-kwari. A tsakiya ga tsibirin, shimfiɗaɗɗe, doguwar ciyawa ta rufe shi. Ba motsi.

Madaki ya jefar da kwalkwali ƙasa. "Shi ke nan. Hanya ta rufe. Ina mahayan naka tamanin, ɗan baƙi? Kawu, ga abin da tsohon nan ya jawo mana. Wales duka na ƙona kagara, mu muna yawo da amalanke."

Tegwared ya dubi tsibirin. Bai ga komai ba sai ciyawa. Ya ce ƙasa-ƙasa, "Seisil, in ƙarya ka yi mini, ni zan fara cire na hagu."

"Jira, Baba. Baƙin ba su san kogin nan ba."

Doki ya yi haniniya cikin ciyawa.

Mahayan daga tsakiyar Ingila aka aiko su. An umarce su kada kowa ya motsa sai mutanen Penlan sun shigo ruwa, su kuwa masu bin umarni ne. Sun ji ruwa a ƙafa, suka daure. Ya kai gwiwa, suka ga runduna a gaɓa, suka ce yanzu za ta shigo, suka ƙara daurewa. Ba wanda ya gaya musu cewa tsibirin nan nutsewa yake yi sau biyu kowace rana. Da suka waiwaya, rafin da ke tsakaninsu da kagara ya fi ƙarfin doki. Hanya ɗaya ta rage, ita ce wajen Penlan.

Suka fito gaba ɗaya, tamanin, cikin sulke, bisa manyan dawakai. Da a busasshiyar ƙasa ne, da ba mai tsaya musu. Amma yashin da ruwa ya jiƙa ta ƙasa laka ne. Dawakan gaba suka nutse har ciki, na baya suka hau kansu.

Madaki mutum ne mai baki, amma ya san aikinsa. Bai tsaya ɗaukar kwalkwali ba. Ya jera masu baka bisa gaɓa, ya ce a saki. Kibau suka rufe rana. Bakan Wales na huda sulke, Normawa sun ji labari, ran nan suka gani. Wanda ya sauka daga doki ƙarfen jikinsa ya ja shi ƙasa. Wanda ya tsaya bisa sirdi aka harbo shi. Masu wayo suka kwance sulke, suka yar da takubba, suka rarrafo gaɓa tsirara suna ɗaga hannu. Masu mashi na Penlan, ba takalmi ba sulke, suka bi ta kan lakar da suka sani tun suna kamun kifi, suka janyo dawakan da ke da sauran rai. Kafin a daɗe tutar baƙi na yawo bisa ruwa. A ƙetare, 'yan tsirarun da aka bari tsaron kagara suka buɗe ƙofar baya, aka hango su suna bin hanyar Ingila da gudu.

Sarki Kadifor bai taɓa cin yaƙi irin wannan ba. Yana zaune yana ihu, yana dukan kujera. Ya hango shugaban mahayan a tsaye cikin ruwa yana miƙo takobi, ya ga Madaki ya nufe shi.

"Ni zai ba! Ni ne Sarki! Kora shanun nan!"

Mai shanu ya ce, "Ranka ya daɗe, laka ce."

"Na ce kora!"

Ya kora. Amalanke ya gangara gaɓa, ya yi taku hamsin bisa yashi, ya tsaya. Ƙafafunsa suka shige har gindi. Shanu suka ja, suka ƙara nutsa. Mai shanu ya yanke igiya, ya kore su suka fita, shi ma ya bi su.

Aka zo ceto. Maza goma sha biyu suka kama ƙyaure za su ɗaga kamar ɗazu, nauyi ya tura su cikin laka har cinya, da ƙyar aka zaro su. Madaki ya sa aka jera garkuwoyi bisa lakar, daga amalanke zuwa gaɓa. Ya taka ya gwada.

"Kawu, za ta ɗauki mutum, amma ɗaya-ɗaya, kuma da ƙafarsa. Ku yi sauri."

Ruwa ya shafi gindin ƙyaure.

Sarki ya dubi Tegwared, ya yi murmushin da yake yi wa baƙi. "Sarkin Ƙafa, yau ka yi wa Penlan aiki. Ba don kai ba da yanzu mu ne cikin ruwan can. Na ba ka makiyayar da ke bayan coci, da shanun da ke cikinta. Sake ni."

"Na gode, ranka ya daɗe. Idanun fa?"

"Gaskiya ya faɗa, na yarda. Amma rantsuwa rantsuwa ce, mutane sun ji. An raba. Ɗaya nawa, ɗaya nasa. Shi ya zaɓa."

Alƙali ya ɗago murya daga gaɓa, riƙe da gefen riga. "Ina jin ku sarai, Allah ya ba ka nasara! Duk abin da za a faɗa a faɗa da ƙarfi!"

Ruwa ya hau ƙyaure. Sanyinsa ya ratsa cinyar Tegwared, ya rufe duga-dugan Sarki. Tegwared bai iya iyo ba, Sarki ma haka. Mutum ɗari uku na tsaye bisa gaɓa, da fursunoni, kowa ya kasa kunne.

Seisil ya ja ɗamara. "Baba, sake shi. Ɗaya ya ishe ni, wallahi. Na zaɓi na dama."

"Ba a tambaye ka ba. Da biyu ka shigo."

"Tegwared," in ji Sarki, murmushin ya tafi, "ruwan nan zai kai wuyanka kafin ya kai cibiyata. Kai ne a ƙasa."

"Na sani, ranka ya daɗe. Shekara talatin da ɗaya ina ƙasa."

"Ni Kadifor, Sarkin Penlan, na umarce ka. Ido ɗaya. Saki ƙafata!"

Tegwared ya gyara zama cikin ruwa, ya ƙara harɗe damatsa.

"A'a," ya ce. "Ba zan saki ba."